Ƙorafi Kan Waken da Ake Zuba wa Guba

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano.

Mu mata ne masu sana'ar ƙosai da alale, kuma kukanmu a kan wake ne.

Da kaka ta wuce aka shiga ɓoyon hatsi, wasu masu ajiya sai su riƙa yayyafa wa wake maganin ƙwari, Sniper ko fiya-fiya, don kada gunda ta ci musu jari. Mu da muke jiƙa shi kullum mu ne shaida. Za ka ga wake fari tas, babu huda ko ɗaya, amma da ka zuba ruwa sai wari ya turnuƙe kamar an yi wa ɗaki feshin sauro, hannun mai surfe ya yi ta zafi. Ka yi wa mai awo magana, ya ce "shanya shi a rana, zai fita." Wa ya tabbatar mana yana fita? Wannan ƙosan ne 'yan makaranta suke karyawa da shi, kuma in ciki ya murɗe wa yaro, mai suya ake zagi, wanda ya zuba gubar yana can ba a san shi ba.

Ranka ya daɗe, maganar ba sabuwa ba ce. Tun 2015 Tarayyar Turai ta rufe wa busasshen waken Najeriya ƙofa saboda sinadarin dichlorvos da aka samu a jikinsa fiye da kima, shi ne kuwa sinadarin da ke cikin Sniper. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin barkatai a kasuwanni. Abin da aka ƙi a Turai, shi muke ɗora wa 'ya'yanmu a murhu. Ran ɗan Kano bai fi na kowa araha ba.

Muna roƙon a tura ma'aikatan duba-gari shagunan ajiyar hatsi su ɗebi samfur a gwada, wanda aka kama kuma a hukunta shi a bayyane. Sannan ga buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda yake toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Tsadarsa ce take korar ƙananan 'yan kasuwa. A haɗa kai da ma'aikatar gona da shugabannin kasuwa a sauƙaƙa kuɗinsa kafin wake mai zuwa ya shiga rumbu.

Muna jiran amsarka. Allah ya taya ka riƙo.

Mu ne,
Masu ƙosai da alale na cikin birni.