Kada yaranmu su tashi suna ganin dutse maɓoyar ɓarayi ce kawai

Da hutun Sallar da ta wuce na je gida Jabo, a Ƙaramar Hukumar Tambuwal. Muna zaune a ƙofar gida bayan La'asar sai na nuna wa ɗan yayata hoton Dutsen Kwatarkwashi a waya. Yaron bai fi shekara goma ba. Ya ƙura wa hoton ido, can ya ce, "Kawu, nan ne ɓarayin daji suke kwana?"

Tun ranar tambayar nan take cina. A lokacinmu idan aka ce dutse, tatsuniya da tarihi ke zuwa rai. Yaran yau kuwa ba sa jin sunan dutse ko daji sai a labarin garkuwa da mutane. Ra'ayina shi ne, wajibi ne makarantu da iyaye su dawo da al'adar kai yara yawon buɗe ido kan duwatsu, ko da a 'yan wuraren da suka rage da kwanciyar hankali ne.

Gaskiya ne ƙasarmu ta Tambuwal da Kebbe shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki da fadama sun fi yawa. Amma Arewa ba ta rasa tsaunuka ba. Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, mai tsawon mita 2,419, shi ne tsauni mafi tsawo a Najeriya, yana yankin gandun dajin Gashaka-Gumti. Sukur da ke tsaunukan Mandara a Madagali, Jihar Adamawa, shi ne wuri na farko a ƙasar nan da UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya, a 1999.

Ba sai an je nesa haka ba. Dutsen Dala yana tsakiyar birnin Kano, da matakalar da aka gina har sama. A nan Barbushe ya yi zamani, a gindinsa kuma Kano ta samo asali. Wanda ya hau da sassafe zai hango tsohon birni da Goron Dutse a gefe. A Zariya akwai Dutsen Kufena da ragowar tsohuwar ganuwa kewaye da shi. Yaron da ya yi haki ya kai saman Dala ba zai manta da darasin tarihin Kano ba, ko da ya manta abin da aka rubuta masa a allo.

Mu Sakkwatawa ma muna da Surame, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya kafa a ƙarni na 16, mai ganuwar da aka gina da duwatsu. Tun 2007 yana jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO. Ɗalibai nawa ne daga Jabo ko Dogon Daji suka taɓa ganinsa da idonsu?

Na san abin da mai karatu zai ce: ana ta kai, wa ke ta kaya? Wannan magana ce mai nauyi. Babu uban da zai sa ɗansa a mota zuwa dazukan Kebbe ko hanyoyin Zamfara don kallon dutse, ni ma ba zan ba da wannan shawara ba. Shi kansa yankin Binji da Silame, inda Surame take, yana fama da matsalar Lakurawa. Sai dai rufe ƙofa gaba ɗaya ma asara ce. Wurin da mutanen kirki suka daina zuwa, ɓata-gari ne ke gadonsa, ko masu fasa dutse su cinye shi, ko gine-gine su matse shi kamar yadda ake gani a gindin Dala.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. Makarantun sakandare su sa ziyara ɗaya a shekara cikin jadawalinsu, zuwa Dala ko Kufena, bayan sun tuntuɓi jami'an tsaro kan hanyar da za a bi. A yi tafiyar da hunturu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a hau da safe kafin rana ta take, kowane yaro da gorar ruwansa da takalmi mai riƙe ƙafa. Gwamnatin Jihar Sakkwato kuma ta sa Surame cikin lissafin tsaronta, ta horar da matasan yankin su zama 'yan rakiya masu ba da tarihi, su ma su samu abin sakawa a bakin salati. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na iya ɗaukar nauyin mota.

Ni dai na yi wa ɗan yayata alkawari. Hunturu mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu je Kano mu hau Dala tare, ya ƙirga matakalar da kansa.