Hoto a Matsayin Hanyar Nazarin Ƙungiyoyi: Darasi Daga Zurmi

Mafi yawan binciken bi-bayani da ake gudanarwa a sassan nazarin Hausa ya dogara ne kan hira. Sai dai hira takan kawo abin da shugaban ƙungiya yake son a ji ne kawai. Hoton taron ƙungiyar manoma kuwa yakan nuna wanda ya samu kujera, da wanda ke kan tabarma, da wanda aka bari a bakin ƙofa. Tun a 1957 John Collier ya nuna cewa hoto yana buɗe bakin wanda ake hira da shi. A shekarun 1990 kuma Caroline Wang da Mary Ann Burris suka miƙa kyamara ga matan karkarar Yunnan ta ƙasar Sin domin su ɗauki rayuwarsu da kansu.

Wannan dabara ta biyu ce ta dace da Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda. A yankin da matsalar 'yan bindiga ta sa aka rufe kasuwannin mako-mako tare da katse layukan sadarwa a 2021, baƙon da ya ɗaga kyamara abin zargi ne, kuma fuskar da ta fita a hoto tana iya jawo wa mai ita halaka. Saboda haka ya kamata 'yan ƙungiya su ɗauki hoton, su zaɓi wanda za a nazarta, a kuma ɓoye fuskoki da alamomin wuri. Wajibi ne sassan Hausa su koyar da waɗannan ƙa'idoji kafin su tura ɗalibi fagen bincike.