Gyaran da Yaro Zai Iya Ɗauka

Duk malamin da ke wannan reshe, ko a cikin garin Gumel yake koyarwa ko a wata ƙaramar firamare ta karkarar Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar, ya san tulin littattafan yara da ke jiransa a kan tebur bayan an tashi. Mukan ɗauki jan biro mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu soke inda aka yi kuskure, mu rubuta uku bisa goma ko bakwai bisa goma, mu sa hannu da kwanan wata. Washegari yaro ya karɓi littafinsa, ya dubi makin, ya leƙa na maƙwabcinsa, ya rufe. Bayan mako guda kuskuren nan ya dawo yadda yake, kamar ba a taɓa shi ba. Sa'o'in da muka kashe sun tafi, yaron kuwa yana nan inda muka same shi. Wannan asara ta shafi lokacinmu, ta kuma shafi makomar 'ya'yan da aka ba mu amana, shi ya sa muka ga ya dace mu tsaya a kanta a wannan fitowa.

Za mu ɗauko misali daga inda ba a zata ba, wato wasan golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Yawancinmu ba mu taɓa riƙe sandarsa ba, ko da yake akwai filinsa a Dutse, wanda marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi ya kafa, akwai kuma wani daɗaɗɗe a Kano. Ɗan wasa yana bugun 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, kuma ramuka 18 ne cikakken zagaye. Bugu ɗaya ba ya kai sakan biyu, mai bugun kuma ba ya ganin bayansa ko yadda kafaɗarsa ta juya. Dole ya dogara da idon wani. Saboda haka mai horar da shi ba shi da wata haja sai ido da harshe: ya ga abin da ya faru, ya faɗe shi ta yadda bugu na gaba zai fi na baya. Idan maganarsa ba ta canza komai ba, ɗan wasan zai nemi wani. Wannan ya tilasta wa masu wannan sana'a yin dogon tunani a kan abin da mu ma muke yi kullum, wato yadda ake yi wa mai koyo gyara.

Ɗaya daga cikin mashahuransu shi ne Harvey Penick na birnin Austin a Amurka, wanda ya rayu daga 1904 zuwa 1995. Ya shekara fiye da sittin yana rubuta abin da ya lura da shi game da ɗalibansa a wani jan littafi, wanda daga baya aka buga shi a 1992. Biyu daga cikin yaran da ya raina, Tom Kite da Ben Crenshaw, sun ci manyan gasannin duniya: Kite a 1992, Crenshaw a 1984 da 1995, na biyun kuwa mako guda bayan rasuwar malamin nasa. An san Penick da ƙarancin magana da zaɓen kalma, kuma ba ya barin ɗaya daga cikin yaran nan biyu ya tsaya kallon darasin ɗan'uwansa, domin maganin da ya dace da wannan zai iya lalata wancan. Mu da shi duk masu ja ne. Namu jan yana kan takardar yaro yana ƙirga kurakuransa, nasa yana jakarsa yana tuna masa wane ne yaron da abin da yake bukata.

Mai horarwa ƙwararre yakan ga kurakurai biyar a bugu ɗaya, amma ɗaya yake faɗa, wanda in an gyara shi sauran za su biyo baya. Ya san cewa wanda aka ɗora wa umarni biyar lokaci guda jikinsa zai sandare. Yakan kuma zaɓi maganar da ɗan wasa zai iya aiki da ita nan take. Gabriele Wulf da abokan aikinta sun gwada wannan a 1999 da sababbin masu koyon golf, suka samu cewa waɗanda aka ce su mai da hankali ga tafiyar sanda sun fi waɗanda aka ce su lura da hannayensu. Tun a shekarun 1980 ma masu nazarin koyon motsa jiki suka lura cewa idan ana yi wa mutum gyara bayan kowane gwaji, yakan yi kyau a gaban malami, ya ruɗe idan an bar shi shi kaɗai. Don haka gwani yakan yi shiru wani lokaci, ya tambayi ɗan wasa me ya ji a wannan bugun, ina yake zaton ƙwallon ta kauce. Bayan kowace magana kuma akwai wata ƙwallo a ƙasa tana jira, domin ba a ɗaukar gyara ya kammala sai an sake bugu.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Yawancinmu mun bi ta makarantar allo kafin mu san alli. Malam yakan biya wa almajiri, almajiri ya maimaita, in ya karkace a tsayar da shi a daidai wurin, a sake biya masa, ya sake. Ba a wanke allo sai karatun da ke kansa ya zauna. Haka uban da ke kai ɗansa kasuwar Maigatari ranar Alhamis yake yi: ya sa yaron ya buɗe bakin rago ya faɗi shekarunsa, in ya kuskure ya nuna masa haƙorin da bai lura da shi ba, sannan ya tura shi ga rago na gaba. A aji ne muka saba da soke kuskure mu wuce babi na gaba, saboda manhaja tana kora mu, zangon karatu kuma yana ƙarewa.

Binciken da aka yi a cikin azuzuwa ya zo daidai da wannan. A 1988 Ruth Butler ta raba yara kashi uku: wasu aka ba su maki kaɗai, wasu bayanin abin da za su gyara kaɗai, wasu kuma duka biyun. Waɗanda suka samu bayani kaɗai su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa maki da bayani ba su fi masu maki kaɗai ba, domin idon yaro yana faɗawa kan lamba ya bar rubutun. A 1996 kuma Kluger da DeNisi suka tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje, suka samu cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku, gyaran da aka yi wa mutane ya sa aikinsu ya ja baya, musamman inda maganar ta bar aikin ta koma kan mutumin. Ashe gyara ma yana iya ɓatawa idan ba a iya shi ba.

Bari mu sauko da maganar cikin ajinmu. Yaro a aji uku ya ɗebe 27 daga 52 ya rubuta 35. Ya yi lissafi goma irin wannan, duka ba daidai ba. Jan biro zai ba shi sifiri bisa goma, ya koma gida da tabbacin cewa shi ba ya gane lissafi. Amma malamin da ya tsaya ya duba zai ga kuskure ɗaya ne ya maimaita sau goma: a kowane layi yana ɗebe ƙaramar lamba daga babba, bai san aro ba. Abin da yake bukata shi ne tsinkaye biyar ɗaurarru goma-goma da biyu a warware, a ce ya ba da bakwai, ya ga da idonsa cewa sai ya kwance ɗauri ɗaya. Sannan a ba shi lissafi biyu sababbi kafin a tashi. Haka yarinyar da ke rubuta "kasa" inda take nufin "ƙasa", da "bata" inda take nufin "ɓata". Idan muka ja layi a ƙarƙashin kalmomi ashirin ba ta san ta ina za ta fara ba. Idan muka ce yau ƙugiya kaɗai za mu nema, ta karanta jimlarta da ƙarfi ta ji inda ma'anar ta canza, gobe za ta kama kanta da kanta.

Akwai kuma batun harshe, kuma a nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kalmomi irin su daƙiƙi da dolo suna fita daga bakin wasunmu cikin gajiya da zafin rana. Ba su gaya wa yaro abin da zai yi gobe, abin da suke koya masa shi ne ɓoye littafinsa da daina ɗaga hannu. Yarinyar da aka kunyata a gaban aji sau biyu ko uku ba ta da hujjar da za ta kare zuwanta makaranta ranar da aka ce ta zauna ta ɗauki talla. Bulala ma haka take: tana sa yaro ya ji tsoron kuskure, ba ta nuna masa inda kuskuren yake. Yabon da ba shi da tushe shi ma bai fi su amfani ba. "Madalla" kaɗai ba ta kai "ka fara jimlolinka duka da babban baƙi, saura aya a ƙarshe" ba.

Mun san abin da 'yan'uwa za su ce, kuma suna da gaskiya. Mai horar da golf yana tsaye ne da mutum ɗaya na tsawon sa'a guda. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma akwai azuzuwa a wannan shiyya da yaransu suka ninka wannan adadi. Malamin da ke da yara 80, in ya ba kowane littafi minti biyu, ya kashe minti 160 a kan darasi ɗaya tak. Da yara 35 minti 70 ne. Wannan lissafi shi ne hujjarmu mafi ƙarfi a gaban Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin nan huɗu. Idan muna neman a ɗauki ƙarin malamai, a rarraba su da adalci har ƙauyukan kan iyaka, a gina ƙarin azuzuwa, abin da muke nema shi ne mintunan da malami zai iya duban aikin kowane yaro. Ba za mu daina wannan kira ba.

Sai dai yaran da ke gabanmu yau ba za su jira ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai abin da za a iya ko a aji mai cunkoso. Malami ya ɗauki littattafai goma sha biyar daga sassa daban-daban na aji, ya gano kuskuren da ya fi yawa, ya buɗe darasin gobe da shi a kan allo ba tare da kiran sunan kowa ba, ya ba da minti goma kowa ya gyara nasa. Ya riƙa ba da tambaya ɗaya kowa ya rubuta amsa ya ɗaga sama, a kallo ɗaya zai san ko a ci gaba ko a koma. Ya ware yara biyar ko shida kowace rana ya duba aikinsu a gabansu, ta yadda cikin mako uku kowa ya ji maganar da ta shafe shi shi kaɗai. Makin da ake bukata don rajistar gwajin zango yana nan, a ba da shi lokacinsa. Ba dole ba ne kowane aikin aji ya ƙare da lamba.

Abin da muke nema wa yaro shi muke nema wa kanmu. Malami ma mai koyo ne, shi ma ba ya ganin bayansa idan yana gaban aji. Ziyarar da mai duba makarantu zai zo ya ƙirga sa hannu a littafin tsarin darasi, ya cika takarda ya tafi, ba ta ƙara wa kowa komai. Muna roƙon masu wannan aiki da shugabannin makarantu su zauna darasi daga farko zuwa ƙarshe, su keɓe da malamin, su fara tambayarsa yadda shi ya ga darasin, su bar masa gyara ɗaya, su kuma dawo su ga ko ya yi aiki. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da ake turo mana koyarwar gwaji sun fi kowa bukatar wannan, domin yadda muka yi musu gyara haka za su yi wa yara shekara talatin masu zuwa.

Ga iyaye da ke karanta wannan takarda tare da mu, roƙonmu kaɗan ne. Idan yaro ya dawo, kafin a tambaye shi nawa ya ci ko na nawa ya zo, a tambaye shi me malam ya ce ya gyara, a ce ya nuna yadda ya gyara. Wannan ba ya bukatar uba ko uwa su iya boko. Ga 'yan'uwa malamai kuma, muna ba da shawara kowace makaranta ta haɗa malamanta biyu-biyu a wannan zango, kowa ya zauna darasin abokinsa sau ɗaya a wata, ya fito da magana ɗaya. Wakilan makarantu su zo taron reshe na gaba da labarin abin da suka gani, wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba. Allah Ya sa albarka a aikinmu, Ya shirya mana yaran da aka damƙa a hannunmu.