A ƊAUKI HOTON GAWO TUN MAI AWO BAI ZO BA

'Yan'uwa talakawa, maganarmu ta yau a kan icce ce da hotonsa.

Cikin 1973 wani direban kamiyo ya banke iccen Tenere, wanda ayari ke kwatance da shi cikin hamada. Aka kai gangarsa gidan tarihi na Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Yau in ba cikin hotunan matafiya ba, ina za a gan shi tsaye?

Amma mu ba hoton makoki muke so ba, hoton shaida muke so. Shekara da shekaru ana ce mana manomi ne maƙiyin icce. Dokar daji ta Faransa ta 1935 ta fid da ikon icce daga hannun mai gona, har gawon da kakansa ya bar masa sai da izini zai taɓa shi. To, da wani masani ɗan Amurka, Gray Tappan, ya jera hotunan jirgin sama na 1975 da na 2003, sai ga gonakin Galma, cikin jihar Tawa, sun cika da itatuwa inda dā fili ne fetal. Lissafin da ya biyo baya ya ba da wajen hekta miliyan 5 da icce miliyan 200, galibi a Maraɗi da Damagaram. Ba dashe aka yi ba. Manomi ne ya bar toho ya yi masa sassabe. Mun daɗe da sanin haka, amma sai da hoto ya faɗa aka yarda!

Yanzu gari ne ke cin gona. Mai awo ya zo ya kafa turaku, a yanka filaye, a sare gawon da ke zub da ganye da damina don hatsi ya sha rana, ya ciyar da bisashe da rani. Kwana kaɗan sai a ce ai dā ma babu komi a wurin. Wa zai musa, da wace hujja?

Don haka kowane reshe ya sa yaro mai waya ya zaga bakin gari. A ɗauki gawo, kuka, goriba da tsamiya, mai gona na tsaye a gindi don a ga girma. A rubuta rana da sunan wuri. A wanke hoton a takarda, don waya na ɓata: ɗaya wurin mai gari, ɗaya wurin sakataren reshe.