HAIHUWA YAƘIN MATA CE, AMMA WA YA TURA SU FAGEN FAMA BA MAKAMI?

A duk ranar da Allah ya wayi gari, mata kimanin 200 ne ke rasa rayukansu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa. Wannan ba hirar bakin titi ba ce, lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ne na shekarar 2023: mata wajen 75,000 a shekara guda, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan matan duniya da suka mutu ta wannan hanya a shekarar. Ƙasa ɗaya tak! Da a ce 'yan majalisa biyu kacal ne ke faɗuwa matattu kowace rana, da tuni an sauke tutoci, an kafa kwamiti a kan kwamiti, an ɗauko likitoci daga Jamus da Indiya. Amma da yake matar manomi ce da 'yar mai faskare, sai a yi mata wanka, a sallace ta, a ce kwana ne ya ƙare, kowa ya kakkaɓe rigarsa ya kama gabansa.

Ya ɗan'uwa mai karatu, babu Musulmin da ke jayayya da ƙaddara, kuma babu wanda zai wuce ranarsa. To amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara, shi ne dai ya koya mana ɗaure raƙumi kafin tawakkali, shi ne kuma ya umarce mu da neman magani. Idan an san cuta, an san maganinta, an jarraba shi an ga amfaninsa, sannan wanda aka damƙa wa amanar jama'a ya ƙi kawo shi, to wannan sunansa cin amana. Abin da nake so in tabbatar maka ke nan da hujja: masu bincike sun sauke nasu nauyin, da yawa daga cikin binciken ma a jikin matanmu aka yi shi, a garuruwanmu. Saura kuwa yana wuyan mahukunta, yana kuma wuyanmu mu maza.

Mu faro daga Zariya. Tsakanin 1976 da 1979 wani likitan mata, Farfesa Kelsey Harrison, tare da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, sun bi diddigin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, aka buga sakamakon a 1985. Abin da suka gano shi ne, mutuwa ta fi yin ɓarna a cikin matan da ba su taɓa zuwa awon ciki ba, waɗanda ba a kawo su asibiti sai naƙuda ta yi kwanaki, rai ya zo wuya. Sun kuma nuna cewa talauci da rashin karatun mata su ne gindin matsalar. Shekara biyu bayan haka, a 1987, aka yi babban taro a Nairobi kan kare rayukan masu haihuwa, aka yi alkawura, aka tafa. Yau kimanin shekara arba'in ke nan da fitowar binciken Zariya. Jariran da aka ƙirga a cikinsa wasunsu sun yi jikoki. Wane gwamna ne zai tashi ya rantse cewa ba a faɗa masa ba?

Sai jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Mai ciki jininta ya hau, ƙafafu da fuska su kumbura, ciwon kai ya matsa mata, gani ya dushe, can sai ta yanke jiki ta faɗi tana karkarwa. A ƙauyukanmu har gobe akan ce iska ce, a kawo hayaƙi da turare, alhali kuwa maganinta allura ce mai arha da ake kira magnesium sulphate. A shekarar 2002 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi kan mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna cewa wannan allura tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Ko za ka ce ai wannan a can ne? To a 2008 an kai allurar manyan asibitoci goma na jihar Kano, aka koya wa ma'aikata yadda ake yin ta. Kafin a kawo ta, a cikin mata 100 da ciwon ya kama, wajen 21 ne ke mutuwa. Bayan an kawo ta, ba su kai 3 ba. Ba a gina sabon asibiti ba, ba a sayo wata na'ura ta miliyoyi ba. Allura ce da horo kawai. To duk matar da jijjiga ta kashe a wani ƙaramin asibiti bayan wannan shekara saboda an buɗe kabad ba a samu allurar ba, jininta yana kan wa?

Yanzu mu zo ga babbar makashiya, wato zubar jini bayan haihuwa, wadda ke kashe mata kimanin 70,000 a duniya duk shekara. Ga yadda abin yake. Idan jariri ya fito, mabiyiya ta biyo, mahaifa takan tsuke ta dunƙule kamar an damƙe hannu, ta matse jijiyoyin da mabiyiya ta rabu da su. In ta ƙi tsukewa, jijiyoyin nan a buɗe suke, jini sai kwarara. Mace lafiyayya, wadda ta shigo da ƙafarta tana dariya, tana iya cikawa cikin awa biyu. Likitoci sun ce idan jinin ya kai rabin lita an shiga haɗari. Rabin lita fa, ledar ruwan fiya wata guda ɗaya ke nan. In ya kai leda biyu, abin ya tsananta. Matar da ta shigo da ƙarancin jini tun farko, saboda maleriya da rashin abinci mai gina jiki, ita ko leda ɗayan ma tana iya kayar da ita.

Akwai wani magani mai suna tranexamic acid da ke hana gudan jini narkewa, jinin ya daskare ya toshe inda yake zuba. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, ita da mijinta suka samar da shi tun 1962, burinta kuwa shi ne a ceci masu haihuwa da shi, amma ba ta samu likitocin da suka yarda su jarraba ba. Sai da aka shafe fiye da shekara hamsin kafin a kammala babban gwajinsa kan mata 20,060 a ƙasashe 21, cikinsu har da dubban matan Nijeriya. Baiwar Allah ta rasu a 2016, sakamako ya fito a 2017: idan an yi wa mace allurar cikin awa uku da haihuwa, mutuwa ta hanyar zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Amma magani ba ya aiki sai an gane cewa ana buƙatarsa, kuma a nan gizo ke saƙar. Yadda aka saba, ungozoma ko nas da ido take ƙiyasta jinin. Jini kuwa ya jiƙa zane, ya shige katifa, ya malala ƙasa, ya gauraye da ruwan haihuwa, ido ba ya iya auna shi. Sai a ce ai kaɗan ne. In ma an gane, sai a yi magani ɗaya a zauna a jira, in bai yi ba a gwada na biyu, lokaci yana tafiya, jini yana tafiya. Wannan ne ya sa Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya suka haɗa kai da likitocin Afirka suka shirya gwajin da aka kira E-MOTIVE a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Wadda ta jagoranci ɓangaren Nijeriya 'yar gida ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano.

Aka raba asibitocin gida biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada a ce an zaɓi masu kyau. Rabi suka ci gaba da aiki yadda suka saba. A ɗaya rabin kuwa, da zarar mace ta haihu sai a shimfiɗa mata wata leda mai aljihu, wadda aka yi wa zane-zanen awo kamar na kwalbar magani, jinin ya riƙa taruwa a ciki ana gani. Da ya kai layin haɗari, ba jira: a murza mahaifa ta saman ciki, a yi allurar oxytocin mai tsuke mahaifa, a yi tranexamic acid, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, duka a lokaci guda, in abin ya faskara a kira babban likita. Mata 210,132 aka bi diddiginsu, aka buga sakamakon a watan Mayu na 2023. A asibitocin da ke aiki da ido, rabin masu zubar jini kawai ake ganewa. A masu ledar awo, an gane 93 cikin 100. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta na tiyata ko mutuwa sun ragu da kashi 60 cikin 100. Kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bi wannan tsari ko'ina.

Ka duba da kyau, ɗan'uwa. Babu sabon magani ko ɗaya a cikin wannan tsari. Leda ce, da allurai da aka daɗe da sani, da ma'aikaci mai horo wanda yake a wurin a lokacin da ake buƙatarsa. Wannan shi ne abin da ya gagari ƙasar da ke haƙo man fetur tun 1958?

Ko allurar da ake da ita ma, wace iri ce? Oxytocin tana son sanyi, zafi yana kashe ƙarfinta. Wani bincike da aka yi a 2016 kan allurar da ke yawo a kasuwanni da asibitocin Nijeriya ya gano cewa kusan uku cikin huɗu ba su cika ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalbar ba. Ina firji zai yi aiki inda babu wuta? Nas ta yi allura da zuciya ɗaya, ashe ruwa ta ɗura wa baiwar Allah. A 2018 an fitar da sakamakon gwajin wata allurar mai jure zafi, carbetocin, kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma, Nijeriya na ciki. Nan ma da matanmu aka yi.

Na san wani zai ce, mu da muka ga abin da ya faru a Kano a 1996, yaya za mu amince da wani abu wai shi bincike? Tambaya ce mai kyau. Ba mu manta ba: lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Don haka wajibi ne mu tsaya kai da fata cewa duk wanda zai yi bincike a kan matanmu ya bi ta hannun kwamitin sa ido, ya yi bayani da harshen da suke ji, kuma wadda ta ce a'a a ƙyale ta ba tare da an hana ta magani ba. Amma akwai zalunci na biyu da ba a cika faɗa ba. Mace ta ba da jikinta da jininta a yi nazari, duniya ta karanta ta amfana, sannan ƙanwarta ta zo haihuwa a wani asibitin da ke nesa da birni a ce babu leda, babu allura. Wanda ya ƙi bincike gaba ɗaya saboda Trovan, ya sauƙaƙa wa mahukunta aiki ne kawai, domin ya yafe musu bashin da ake bin su.

Bashin kuwa a rubuce yake. A watan Afrilu na 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka sa hannu cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta ga lafiya. A gidanmu aka yi alkawarin, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba, galibi tana yawo ne tsakanin kashi 4 da 6. Shi ya sa ake miƙa wa miji takarda a bakin ɗakin haihuwa ya tafi neman safar hannu da auduga da allura a kemis da tsakar dare, matarsa tana kwance jini yana zuba. A watan Nuwamba na 2024 an yi shelar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Madalla. Sai dai shela ba ta tsayar da jini. Mu a ɗakin haihuwa za mu auna ta, ba a gidan rediyo ba.

Mu ma maza kada mu wanke hannunmu. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cewa a Arewa maso Yamma fiye da mata takwas cikin goma ba a asibiti suka haihu ba. Ledar awo ba za ta ceci matar da ke ƙuryar ɗaki ba, ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini. Mai kuɗin ragon suna da goro da atamfa, ya rasa kuɗin awo? Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciki yana ƙarami ka bar izini a gida, ka ajiye kuɗin mota, ka san rukunin jininta, ka san waɗanda za su ba ta jini in ta kama. Samarin unguwa su rubuta sunayensu da rukunin jininsu su ajiye a masallaci. Limamai su faɗa wa jama'a alamomin jijjiga kamar yadda suke faɗar farillan alwala. Dattawan gari su tafi asibitinsu su tambaya da bakinsu: akwai ledar awon jini? Akwai magnesium sulphate? Akwai tranexamic acid? Firjin oxytocin yana aiki? In an ce babu, a ɗauki maganar a kai wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa, a yi ta maimaitawa har su gaji da ganin fuskokinmu.

Iyayenmu sun ce haihuwa yaƙin mata ce. Gaskiya ne. To makaman yaƙin an ƙera su, an gwada su, an ga suna ci. Wanda ya riƙe mabuɗin taska ya bar su a kulle, ya tanadi amsar da zai bayar ranar da marayun nan za su tsaya su nuna shi da yatsa a gaban Mai Sama. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sauki masu ciki lafiya, ya ba mu ƙarfin halin neman haƙƙinsu.

Wassalam.