Sharhi: Windows 10 ta yi ritaya, ina makomar lissafin Sassumbrum?

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10, haka ma Office 2016 da 2019. Matakin ya shafi garuruwa irin su Sassumbrum da ke gundumar Magariya a jihar Damagaram, inda kwamfuta ɗaya kan riƙe lissafin shago, ko sakamakon ɗalibai, ko bashin ƙungiyar manoma. Kwamfutocin gwanjo da dama ba za su ɗauki Windows 11 ba, domin tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0.

Mafita mafi sauƙi ita ce komawa Linux, wadda kyauta ce kuma tana tafiya a tsofaffin kwamfutoci. Sai dai babu Excel a cikinta. Madadinsa shi ne Calc, da ke cikin LibreOffice, manhajar da kowa ke da damar saukewa da gyarawa ba tare da biyan ko sisi ba. Calc na buɗe fayilolin Excel, kodayake masu sarƙaƙiya kan buƙaci gyara. Ko jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice.

Matsalar ita ce ba kowace Linux ke da ita a rumbun manhajojinta ba. A 2023 kamfanin Red Hat ya ce zai daina saka ta a sababbin fitowar tsarinsa, ya nuna wa masu buƙata hanyar Flatpak. Wanda ya duba rumbu bai gan ta ba, kada ya ruga shafukan da bai sani ba, domin ta nan ɓarayin bayanai ke shiga. Ya sauke ta daga Flathub ko shafin LibreOffice. Inda intanet ke da rauni, nau'in AppImage fayil ɗaya ne da za a zuba a filashi a rarraba wa jama'a.

Nauyin ya fi rataya a wuyan 'yan ci-rani da ke aiko da kwamfuta gida daga Kano, Yamai ko Turai. Su zaɓi tsarin da ke zuwa da LibreOffice, kamar Linux Mint, su gwada buɗe tsofaffin fayiloli tun kafin kayan su bar hannunsu. Aikin awa guda a birni zai iya cinye wa mutumin Sassumbrum kwanaki da kuɗin data masu yawa.