Laraba ta zo, ina rabon yaron Kwaja?

Laraba ce ranar da sababbin mujallun labari cikin zane suke fitowa a Amurka. Tun kafin shaguna su buɗe, masu sharhi sun riga sun jera zaɓinsu na mako: wane fitowar Batman ya cancanci kuɗin mai saye, wane marubucin Spider-Man ya fara gajiya, wane sabon mai zane ya kamata a sa wa ido. Mujalla ɗaya ba ta wuce shafi ashirin da 'yan kai na labari ba, kuɗinta dala huɗu zuwa biyar. A Abuja ma akwai matasan ma'aikata da mataimakan manya da suke bin wannan jeri a wayoyinsu, suna musu a kansa lokacin cin abincin rana kamar yadda ake musun ƙwallon Ingila. Babu laifi a cikin haka. Abin da ya kamata ya dame su shi ne, a cikin duk abin da ake jerawa mako bayan mako, babu ko guda da aka yi domin yaron da ke Kwaja, kuma su ne ke zaune kusa da teburin da za a iya sauya wannan.

Kwaja mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, a jihar Adamawa, cikin duwatsun da suka raba Najeriya da Kamaru. Sunanta bai cika zuwa Abuja ba sai idan maganar iyaka ta taso. Tun hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoba 2002 ake aikin kafa turakun iyaka tsakanin ƙasashen biyu, kuma a 'yan shekarun nan mutanen Kwaja sun ɗaga murya cewa su 'yan Najeriya ne, ba su yarda a zana layi a bar su a wancan gefen ba. Mutanen da suka nuna wa ƙasa irin wannan ƙauna sun cancanci ƙasar ta yi magana da 'ya'yansu da wani abu ban da turken siminti.

Wani zai ce ai wannan wasan yara ne, mutanen da ke neman hanya da asibiti ina ruwansu da zanen mutum mai tashi sama? Amsar tana cikin yadda yaro yake koyon karatu. Malami yana koya masa haɗa baƙi da wasali, amma saurin karatu da fahimta ba sa samuwa sai da yawan karantawa, kuma yaro ba ya yawan karanta abin da bai ja shi ba. Labari cikin zane yana da wata dabara da littafin aji ba shi da ita. Hoton yana ɗauke rabin nauyin jimla, don haka yaron da kalma ta kakare masa sai ya dubi fuskar mai magana ya gane abin da ake nufi, ya wuce gaba bai karaya ba. Sannan labarin yana tsayawa a daidai inda zuciya ta rataya, a ce sai mako mai zuwa. Wannan jiran shi ne duk sirrin Larabar Amurka. Kamfanonin can ba su fi kowa hikimar ƙaga gwarzo ba, abin da suka riƙe tun fitowar Superman a 1938 shi ne cika alkawarin ranar fitowa, har jira ya zama ɗabi'a, ɗabi'ar kuma ta haifi masu karatu.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1975 an fara buga Powerman domin kasuwar Najeriya, baƙar fata mai ƙarfin da ya wuce na mutane, amma Turawan Ingila ne suka rubuta suka zana, cikinsu har da Dave Gibbons wanda daga baya ya yi suna da Watchmen. An ma riƙa sa wa kowane akwatin hoto lamba, wai don kada mai karatu ya ɓace. A 1976 Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super, ya nuna cewa ɗan ƙasa zai iya riƙe kasuwar da kansa. A wannan zamani kuwa abin ya bunƙasa: Jide Martin ya kafa Comic Republic a 2013 yana sakin labaran Guardian Prime kyauta a intanet, Roye Okupe ya kai aikin YouNeek har kamfanin Dark Horse na Amurka, Kugali kuma ta haɗa hannu da Disney aka fito da Iwájú a 2024. Abin alfahari ne. Sai dai kusan duka da Turanci ne, Legas ce cibiyarsu, kuma suna bukatar waya mai kyau da data, abubuwa biyu da ɗan firamare a ƙauyen dutse ba shi da iko da su.

Inda abin ya fi ciwo shi ne, Arewa tana cikin waɗannan labarai, amma a matsayin ma'adinin da ake haƙa a tafi da shi. Malika ta Roye Okupe, sarauniya mayaƙiya, daga tarihin Amina ta Zazzau aka samo hasken ƙirƙirarta. A 2017 Marvel ta fito da Ngozi, matashiya mai tafiya a keken guragu wadda ta samu ƙarfin ban mamaki, kuma marubuciyarta Nnedi Okorafor ta bayyana cewa 'yan matan Chibok na cikin abin da ya zaburar da ita. To amma Ngozi a Legas take zaune, da Turanci take magana, da dala ake sayenta. Daga Chibok zuwa Mubi tafiyar sa'o'i kaɗan ce. Yarinyar da labarin ya tsiro daga ƙasarta ita ce ta ƙarshe da za ta gan shi, in ma ta gani. Ba marubutan ne da laifi ba, kowa ya rubuta wa kasuwar da ke biyansa. Gida ne bai buɗe tasa kasuwar ba.

Ga shi kuwa kayan aikin a jibge suke. Adabin Hausa ya san sadauki tun kafin a ji sunan Marvel. Ganɗoki na Bello Kagara ya fito a 1934, jarumi mai kirari da takobi wanda ya ratsa har ƙasar aljannu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda aka buga a 1951, labarin yaro ne da ya tashi ba ya iya tafiya, daga baya aka ba shi ƙarfin da ya gagari maza. Duk mai bin mujallun Amurka zai gane wannan tsari nan take, domin shi ne ƙashin bayan yawancin gwarazansu. Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. A kasuwannin Kano da Kaduna littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun daɗe suna fitowa kashi-kashi, matasa na jiran na biyu da na uku, ba tare da ko sisin gwamnati ba. Wanda ya ga yadda yara ke cika ɗakin kallo domin fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa ya san ƙishirwar tana nan.

Ƙasar Mubi ma tana da nata gwarazan da ba ƙagaggu ba. A ƙarshen Oktoba 2014 Boko Haram ta kama garin Mubi ta sauya masa suna zuwa Madinatul Islam, jama'a suka watsu cikin duwatsu, wasu har Kamaru. Cikin makonni kaɗan aka ƙwato garin, kuma maharba da 'yan banga na cikin waɗanda suka tsaya tare da sojoji. Aisha Bakari Gombi, maharbiyar da kafafen labarai na duniya suka ba da labarinta, 'yar Adamawa ce. Yaran da aka goya a baya aka gudu da su a wancan lokaci yanzu sun kai shekarun karatu, wasu sun shiga sakandare. Akwai wanda yake ba su labarin wannan zamani, ko a tsangaya ko a majalisa ko a saƙon murya na WhatsApp, kuma ba kowane mai ba da labari ne yake nufin su da alheri ba. Masu ɗaukar yara aikin ta'adda sun daɗe da fahimtar cewa matashi yana son ya ga kansa jarumi. Barin wannan fili babu kowa a cikinsa sakaci ne mai tsada.

Me ake so gwamnatin tarayya ta yi? Abu guda: ta zama mai saye. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ilimin matakin farko ta hannun UBEC, kuma a ciki akwai kason kayan koyarwa. Hukumar raya Arewa maso Gabas, wadda aka kafa dokarta a 2017, tana da asusun tallafa wa ilimi, kuma Adamawa na cikin jihohinta shida. Tun 2023 akwai ma'aikatar da aka ɗora wa harkar al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira. Ba a bukatar sabuwar hukuma ko sabon gini. Abin da ake bukata shi ne a sa mujallun labari cikin zane a jerin littattafan ƙarin karatu da ake saya wa makarantu, a yi yarjejeniyar shekara guda da mawallafa masu zaman kansu kan adadin da za a karɓa duk wata, a biya a kan lokaci. Mai ɗab'in da ya san za a karɓi kayansa wata goma sha biyu a jere zai iya ɗaukar mai zane aiki, ya sayi takarda da yawa a farashi mai sauƙi, ya sayar da ragowar a kasuwa. Baƙi da fari a takardar jarida ya isa. A haka mujallun Japan suke fitowa duk mako, ba su rasa masu karatu ba.

Hatsarin da ke cikin wannan shawara sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ma'aikata. Da zarar an ce gwamnati za ta biya, sai a kafa kwamitin tantance labari, sai gwarzon ya koma jami'in wayar da kai, yana tsayawa a tsakiyar faɗa ya yi bayanin muhimmancin katin zama ɗan ƙasa. Sai a sa hoton minista a bangon baya, a yi bikin ƙaddamarwa a otal, a buga fitowa ta farko, ta biyu kuma ta mutu a cikin fayil. Yara sun fi manya saurin gane wa'azin da aka lulluɓe da tatsuniya, kuma ba sa yafewa. Iyakar hurumin hukuma shi ne ta duba cewa rubutun Hausar daidai yake bisa ƙa'ida, babu batsa, babu cin zarafin wani addini ko ƙabila. Sauran na marubuci ne da mai zane. A kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Mubi da jami'ar jihar Adamawa da ke garin akwai matasa masu hannun zane waɗanda yanzu allunan shaguna da bangon motoci ne kaɗai kasuwarsu.

Akwai tambayoyi biyu masu nauyi da bai kamata a kauce musu ba. Ta farko ta harshe ce. Hausa ba ita ce harshen uwa na kowane yaro a ƙasar Mubi ba. Akwai Gude, akwai Fali, akwai Fulani da wasunsu, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba su nan. Amma Hausa ce harshen kasuwa da tasha, ita ce ke haɗa su, kuma mujallar zane ta fi kowane littafi sauƙin fassara, domin kalmomin cikin kumfar magana kaɗai ake sauyawa, zanen yana nan yadda yake. Fitowa ɗaya za ta iya zama ta Hausa da ta Fulfulde da ta Gude da kuɗi kaɗan. Gaskiya ne a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa da aka amince da ita a 2022. Ko me mutum yake gani game da wannan mataki, harshen koyarwa a aji ya shafa, bai hana yaro karanta labari da harshen da yake ji ba. Hasali ma idan aji ya koma Turanci zalla, bukatar wani wurin da yaro zai ɗanɗani daɗin karatu ta ƙaru.

Ta biyu ita ce ta zanen mai rai, wanda wasu iyaye da malamai suke ƙyama. Wannan ba abin raini ba ne, kuma wanda ya raina shi zai tarar da kwalayensa a kulle a ofishin shugaban makaranta. Sai dai littattafan firamare da ake amfani da su a Arewa cike suke da hotuna, Magana Jari Ce ma da zane-zanensa aka san shi tun shekarun 1930. Abin da iyaye suka fi tsoro shi ne shigar banza da gwarzon da ake ba shi siffar da ta wuce ta bawa. Marubucin da ya tashi cikin jama'ar ya san inda wannan iyaka take, ba sai an rubuta masa daga Abuja ba.

Saura sharhi. Jerin zaɓin mako da ake yi a Amurka yana da amfani ne saboda mai sharhin yana da 'yancin cewa fitowar wannan mako ba ta yi kyau ba, mawallafi kuma ya ji a aljihunsa. Jaridun Hausa da gidajen rediyon Yola da Mubi za su iya buɗe irin wannan fili, a bar malaman firamare da su kansu yaran su faɗi wace mujalla aka yi wa layi, wace kuma aka bari a kan benci. Da wannan za a san wa za a sabunta wa yarjejeniya a shekara mai zuwa. Mataimakin da zai rubuta wa maigidansa takarda a kan wannan batu ya sa sharaɗi ɗaya a sakin layi na farko: ba za a biya mawallafi kuɗin wata ba sai an ga sa hannun shugaban makaranta a Kwaja cewa kwalin ya iso, an buɗe shi, an raba.